Ƙashin da Baba Haladu Ya Ɗora

Rana ta yi ja lokacin da ɗan acaba ya sauke ni a mararrabar da ke gaba da Gozaki. Ya ce daga nan ba zai ƙara gaba ba, wai so yake magariba ta same shi a gida. Na ce Allah ya raka taki gona. Na ɗauki kular farfesuna, na gyara mayafi, na kama 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonaki zuwa ƙauyenmu.

Kaka ce, dawa ta yi kai, ta fi ni tsawo dama da hagu. A hanyar nan na girma, amma ranar sai na ji ta kamar ban taɓa bin ta ba. Babu kukan kurciya, babu makiyayi mai kora shanu gida. Sai ƙarar silifas ɗina, sai wata 'yar kwalba da na ƙulle a gefen zani tana bugun cinyata.

Sunana Hajo. Abincin mijina na ɗauko, kuma ba zan ɓoye muku ba, da niyyar rigima na fito. Bari ku ji dalili.

Maigidana, Kamalu, sau ɗaya zan faɗi sunan don ku san shi, da babur yake ci da mu. Auduga da masara yake ɗaukar wa mutane daga ƙauyuka zuwa Funtuwa. Wata yamma saniya ta gitta masa, ya faɗi, babur ya danne shi, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata. Waɗanda suka ɗauke shi ba su yi shawara da kowa ba, suka wuce da shi wurin Baba Haladu, ƙanin mahaifina, maɗorin da duk yankin nan ake ji da shi. Ni ina Malumfashi, sai washegari labari ya same ni.

Ɗori gadon gidanmu ne, kuma yana da ƙa'idarsa. Baba ba ya ɗora mutum shi kaɗai. Sai an kawo zakara idan namiji ne, kaza idan mace ce, ya karya ƙafar tsuntsun, ya yi bisimilla, ya ɗaure mutum da tsuntsu a zama ɗaya, da tsumma ɗaya, da man shanu ɗaya, ba ya ko wanke hannu a tsakani. Abokin ɗori muke ce masa. Ranar da zakara ya taka, mai karaya ma zai taka. Kuma ba a yanka shi, ba a sayarwa. A gidan mutumin zai zauna har ya mutu don kansa, domin abin da ya taɓa ƙafarsa ya taɓa ta mai shi.

Shi ya sa a zuwana na farko har da ƙullin tsaba na tafi. Bayan na gaida Baba na ce, “Baba, ina zakaran? Na zo masa da abinci.”

“Yana nan,” in ji shi.

“A ina?”

“Ke dai je ki duba mijinki.”

Bai dube ni ba. Baba Haladu da idan yana magana yake tsare mutum da ido har ka rasa inda za ka sa kanka, ranar carbinsa yake kallo. Na zagaya tsakar gidan, ko gashin kaza ban gani ba, balle kashinta. Na tambayi Inna, matarsa, sai ta ce annoba ta share kajin ƙauyen tun tsakiyar damina, ko ɗan tsako bai tsira ba. Tana faɗa tana tura kayanta cikin jaka, wai za ta je Matazu duba 'yarta. Matar da ko biki ba ta kwana a waje! Nan na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Akwai ɗan ɗakin da Baba ke ajiye karan ɗori da sauyoyinsa. Tun ina yarinya ko asabari ba a saya masa. Sai ga shi da ƙyaure da sabon kwado. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin kallon rufaffen ɗaki ba. Na faki idon mutane na leƙa ta tsagar ƙyauren. A kan tabarma na hango wani abu miƙe, ya kai tsawon taɓarya, ya fi cinyar ƙato kauri, an jera masa kara an naɗe tsakiyarsa da tsumma. Na gane tsumman. Yagen tsohon zanen Inna ne, shi ne kuma a ƙafar mijina. A bakin ƙofar akwai ɓarɓashin wani dutse mai ruwan ƙasa. Na tsinci ɗaya kamar ƙwallon dabino na ƙulle.

Da na koma Malumfashi sai na kira Yaya Lawal, yayana, direban babbar mota da ke kai hatsi Nijar. Duk wani tarkace da ya shigo gidanmu ta hannunsa yake biyowa.

“Yaya, me ka kai wa Baba?”

Ya kwashe da dariya. “Au, kin gani? Ƙashi ne, amma ya zama dutse. Can bayan Agadas wani mai raƙuma ya ba ni. Na ce Baba mai son ƙashi ne, bari in kai masa tsaraba.”

“Kyauta ya ba ka?”

“Har da godiya.”

“Kuma ba ka tambayi kanka dalili ba?”

“Kai, Hajo, ke kowa a wurinki ɓarawo ne sai ya nuna shaida. Mutumin dai akwai camfi. Gutsure biyu ne, amma kowane a kan raƙuminsa ya ɗauko shi. Ya ce mini in raba musu buhu, kada su kwana wuri ɗaya. Ni kuwa ina ruwana, na watsa su bayan mota.”

Na kashe wayar ko sallama ban yi masa ba.

Maƙwabciyata Malama Liyatu tana koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata. Katanga ce kawai tsakaninmu, cincin ɗin Kirsimetinta sai ya shigo gidana, naman layyata sai ya shiga nata. Na kai mata dutsen, na gaya mata inda ya fito. Ta juya shi a haske, ta nuna mini wasu ƙananan ramuka a jikinsa irin na cikin ƙashin miya.

Ta ce, “Maman Bushra, in dai daga can ne, ina zaton na dainaso ne. Wasu manyan dabbobi ne da suka ƙare tun kafin ɗan Adam ya taka duniya. Hamadar Nijar akwai ƙasusuwansu da yawa, don da can wurin koguna ne da dazuzzuka. Ƙasa ce ke shiga ƙashin a hankali har ya koma dutse.”

“To dutse ne ke nan zalla? Babu komai a ciki?”

“Da haka ake cewa. Sai wasu masu bincike suka jiƙa guntun irinsa a asid mara ƙarfi. Dutsen ya narke, sai ga wasu zarurruka masu laushi, a ja su su miƙe, a saki su koma, kamar jijiyoyin jini. Aka yi ta musu. Wasu suka ce yauƙin ƙwayoyin cuta ne. Wasu suka ce sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin dabbar ne ya jeme naman, yadda majemi ke jeme fata da bagaruwa ta ƙi ruɓewa.” Ta ga yadda fuskata ta yi, sai ta dafa ni. “Kwantar da hankalinki. Saura ne kawai, mataccen abu, kamar tsohon takalmi. Bar mini shi in jiƙa a makaranta mu gani.”

Kwanakin da suka biyo baya ina ta zirga-zirga tsakanin Malumfashi da ƙauye. Kullum sai in tarar da maigida ya fi jiya ramewa. Mutumin da ke tashi da malmala uku, ya koma cokali biyu ya ture kwano. Tafin hannunsa ya yi fari fat. Ruwa kawai yake nema, a ba shi buta guda ya shanye ya ce a ƙaro. In na yi maganar asibiti sai Baba ya ce ɗori ya kama, ba a tada shi. In na yi maganar zakara sai ya tashi ya ba ni wuri.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi, Malama Liyatu ta leƙo ta katanga ta ce in zo. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun yi ba. Ta ajiye kwalba a kan tebur. Dutsen ya narke kamar alli, ya bar wani zare a ƙasan ruwa. Ta tsamo shi da tsinke, ta ja. Ya miƙe. Ta saki, ya koma. Sai wani ɗigo ja ya tsattsafo a bakinsa.

“Wanda na karanta ba haka yake ba,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Ƙanƙani ne, sai da madubin likita ake ganinsa sosai, kuma ba ya zubar da komai. Wannan kuwa jiya na zubar da ruwan na sa sabo. Da safe na tarar ya sake yin ja. Ban san abin da zan ce miki ba, amma wannan jinin bai kwana biyu ba.”

Na tuna tafin hannun mijina. Na tuna ƙwaurin da ya huda fata, da hannun Baba da ba a wankewa tsakanin mutum da abokin ɗorinsa. Sai kuma maganar kakarmu ta faɗo mini, lokacin da take kwaɓarmu in muna wasa da ƙashin layya. Takan ce ƙashi guzurin aljanu ne, mu muna ganin ƙashi, su suna ganin nama.

Abin da ke ƙulle a gefen zanena ke nan da na shiga gonakin dawar nan. So nake in dangwara wa Baba kwalbar a gabansa, in ga ko zai sake ce mini zakara yana nan.

Na kusa 'yar fadamar da ke bayan ƙauye sai na ji wari. Warin laka ne, irin na bakin kogi in ruwa ya janye, da ƙarni a cikinsa. Fadamar nan kuwa ta fara bushewa.

Sai na ga sawun.

A cikin danshin ƙasa yake, yatsu uku a gaba, sak na zakara. Sai dai faɗinsa ya fi faifai. Na sa ƙafata a ciki, ta nutse har idon sawu. Gefensa babu ɗan'uwansa, sai wani dogon layi, kamar an ja gungume a ƙasa.

Na ce yara ne suka tona. Na faɗa da ƙarfi don in ji muryata.

Na ci gaba. Sawu, jan gungume. Sawu, jan gungume. Hanyata suke bi. Zangarniyar dawa a kakkarye ta sama, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Ina tafiya layin yana gajarta. Da na iso bayan katangar Baba, layin ya ɓace.

Sawu biyu ne a wurin. Na biyun bai nutse sosai ba, kamar mai gwada ƙafa.

Daga masallacin bakin ƙauye aka fara kiran sallar magariba. Na shiga gidan da sallama, ba wanda ya amsa. Buzun Baba ba ya nan, na san ya tafi masallaci. Awakinsa sun cure a kusurwa ɗaya, ba mai tuƙa, ba mai kuka.

Maigida yana kwance a ɗakin zaure, idonsa biyu. Na ajiye kula na durƙusa.

“Sannu, Malam. Ga farfesun ƙafar saniya, ko romon ka sha.”

“Yi a hankali,” ya ce da raɗa. “Lokacinsa ya yi.”

“Lokacin wa?”

“Mai zagaya gidan. Kullum in an shiga salla yake zuwa. Da yana jan ƙafa. Jiya bai ja ba sosai.” Ya lashi leɓensa da suka tsattsage. “Hajo, in na rufe ido kogi nake gani. Faɗinsa ba iyaka, ga itatuwan da ban san sunansu ba. Ina ta tafiya ban kai bakin ruwan ba.”

Na yaye zanen da ya rufa da shi. Ƙafar ba ta kumbura ba, ba ta wari. Daga gwiwa zuwa ƙasa ta yi ruwan ƙasa. Na taɓa, sanyi ƙalau. Na gwada ɗaga ta da hannu biyu, ko gezau.

“Kana jin hannuna?”

“Kin taɓa ne?”

Na ƙwanƙwasa yatsansa da zobena. Ƙarar da na ji, irin wadda dutsen niƙa ke yi ce.

Wallahi a lokacin ba tsoro ne ya fara zo mini ba, baƙin ciki ne. Mutum da ƙafarsa, da ita yake tada babur, da ita yake ciyar da ni da 'yata, a kwantar da shi ana tatsarsa kamar saniya! Na fita tsakar gida, na ɗauki taɓaryar Inna a jikin turmi. Bugu biyu na yi wa kwadon ya faɗi.

Ɗakin da ɗumi, kamar an kwana da wuta a ciki. Ƙarnin jini ya daki hancina. Na haska fitilar wayata.

Tsumman ya jiƙe sharkaf. Karan ɗorin sun bubbuɗe, abin da ke ciki ya yi musu ƙiba. Inda karayar take ya yi tudu, irin tudun da Baba ke shafawa yana murmushi in ɗori ya kama. Daga ƙarƙashin tsumman wasu jajayen zarurruka sun fito sun bi jikin dutsen sama da ƙasa.

Na ɗora yatsa a kan ɗaya.

Yana harbawa.

A cinyata ma na ji kwalbar ta ɗauki ɗumi.

Daga bayan katanga kara ya karye. Wani ya sake karyewa. Sai ƙasa ta amsa, dum. Ƙura ta zubo daga rufin ɗakin ta sauka mini a wuya.

Dum.

Na biyun ya fi na farkon sauƙi, amma taku ne, ba ja ba.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Na ɗaga taɓarya.

“Hajo.”

Baba ne a bakin ƙofa, buzu a hammata. Da raɗa ya kira ni.

“Sauke. Kin san ƙa'ida. Abin da ya same shi ya sami mijinki.”

“Baba, ina zakaran?”

“Kaji sun mutu. Karaya ba ta jira. Ga ƙashi a karye a ɗakina, na ce dutse ne, me dutse zai yi?”

“Gozaki ga ta nan, Baba. Da ka aika an sayo.”

Sai ya matso cikin hasken wayar, na ga idonsa. Ba ni yake kallo ba, tudun nan yake kallo, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa haihuwa.

“Tun ina yaro nake ɗori,” ya ce. “Ban taɓa riƙe ƙashi irin wannan ba. Kuma ya kama, 'yata. Dubi yadda ya kama! Ki bar shi ya taka. Yana takawa mijinki zai taka.”

“Da wace ƙafar? Ta dutse?”

Sai hasken da ya rage a ƙofa ya ɗauke. Wani abu ya tsaya tsakaninmu da sama.

Rufin ya yi ƙara. Ta 'yar tagar da ke can sama iska mai zafi ta huro, ta ɗaga mini mayafi. Warin laka. Ta tsaya. Ta sake hurowa.

Numfashi ne.

Ban ɗaga kai ba. Har gobe ina gode wa Allah da ban ɗaga ba.

Na san in na buga, ƙafar mijina na buga. Na kuma san in na bari, ba sauran ƙafar da za a yi wa kuka. Na ce bisimilla, na sauke taɓaryar a kan tudun.

Daga zaure maigida ya ƙwalla ƙara. Ban taɓa jin ya yi irinta ba, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu.

Ƙashin bai rabu ba.

Baba ya yi tsalle ya kifa hannunsa a kai. “Kada! Hajo, kada!”

Taɓarya ta riga ta taho.

Na ji abu biyu sun karye. Wani ruwa mai ɗumi ya fantsamo mini a fuska. A waje aka yi wani kuka mai kauri da ban ji shi da kunne ba, a haƙora na ji shi. Sai wani nauyi ya jingino da bangon.

Bango ya tsage. Azara ta fara saukowa. Na sunkuya na rungumi gutsure ɗaya, ban san inda na sami ƙarfin ba, na ture Baba da kafaɗa muka faɗo tsakar gida tare. Ɗakin ya rufta a bayanmu.

Ƙura ta turnuƙe. Na kwanta rub da ciki a kan dutsen, ina jin ana ja da baya cikin dawa. Taku, ja. Taku, ja. Har ya yi nisa.

Akuya ɗaya ta yi kuka, sauran suka ɗauka.

Na rarrafa zuwa zaure. Maigida ya suma, tsumman ƙafarsa ya jiƙe da jini. Na taɓa yatsunsa. Da ɗumi. Na matsa babban, ya motsa. Nan na zauna daɓas na fashe da kuka, ina dariya ina kuka, har masu dawowa daga masallaci suka tarar da ni, suka ɗauka taɓuwa na yi.

A daren aka samo mota aka kai shi asibiti a Funtuwa. Aka ƙara masa jini, aka ɗauki hoton ƙafar, aka naɗe ta da filasta. Likitan ya ce sabuwar karaya ce a kan tsohuwa, ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Na ce ni ce. Ya dube ni, na dube shi, ya ci gaba da rubutunsa.

Mutanen ƙauye suka ce bangon ya sha ruwan damina ne ya faɗi. Sawun kuwa kafin gari ya waye shanu sun tattake shi. Baba Haladu bai sake ɗori ba, don hannun da ya kifa a kan ƙashin ya ƙi ɗoruwa, kuma ya hana kowa ya taɓa masa. Ina zuwa gaishe shi, yana amsawa, amma har yau bai tambaye ni jikin mijina ba. Abu ɗaya ya taɓa ce mini, yana kallon bango. Ya ce karyayyen ƙashi ɗan'uwansa yake nema.

Ɗaya gutsuren, da aka tono shi daga ɓaraguzai, Yaya Lawal na sa ya ɗauka. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce ya kai shi can bayan Agadas, ya haƙa rami ya binne, ya ɗora duwatsu. Nawa kuwa ba ni da yadda zan yi da shi. Malama Liyatu ta ce a kai jami'a a bincika, na ce su yanka shi su jiƙa a asid, ƙafar wa za ta narke? Abokin ɗori ba a yar da shi, ba a bayarwa. Yana ƙarƙashin gadona cikin buhu, da 'yar kwalbar a gefensa.

Maigida ya warke. Yana ɗingishi, amma yana tada babur, ya koma cin malmalarsa uku. Na gode wa Allah.

Sai dai ni mai sharar ƙarƙashin gado ce kullum. Tun ba a daɗe ba na lura, duk yadda na ajiye buhun, da safe sai in tarar karyayyen bakin ya juya yana duban arewa. In gyara, ya koma. Na ce to, ya yi ta duba, tsakaninsa da ɗan'uwansa akwai hamada.

Bayan sallar layya ya daina duban arewa sosai, ya ɗan karkata. Na zargi Bushra da taɓawa, ta rantse. Na zargi maigida, ya ce shi ko leƙawa ba ya yi. Na kira Yaya Lawal na ce ya gaya mini gaskiya, ya binne ko ya sayar? Ya rantse da Alƙur'ani ya binne. Wataƙila gaskiya ya faɗa.

Makon jiya bakin ƙashin hanyar Katsina yake kallo, inda motoci ke shigowa gari. Yau da asuba na durƙusa da tsintsiya, na tarar ya juya yana kallon ƙofar ɗakinmu.

Na ɗago in tashi maigida in nuna masa. Yana ta barcinsa, fuskarsa a bango. Ƙafar ce kawai ta zamo daga kan katifa, ta miƙe sambal, yatsun suna nuna ƙofar.